Kawu da Kwanan Gidan Mama

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Kawu kuma ya riga mu tafiya. An kai shi makwancinsa wata Laraba bayan azahar, kafin la'asar ƙofar gidanmu da ke Sabon Garin Zariya ta cika har sai da aka tare layin da benci. Ni ina ciki wajen mata, amma tagar ɗakin Inna, matar Kawu, titi take kallo, don haka babu abin da ya wuce ni.

Tsofaffin sojoji daga wajen barikin Basawa sun zo a tare, kowa da sandarsa, suka yi gaisuwa suka zauna a jere kamar masu jiran fareti. Direbobin bas na tashar Samaru suka ajiye motocinsu suka zo, abin da ko ranar Sallah ba sa yi. Wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota ya tsuguna gaban maza yana share ido, ya ce, "Baba Soja bai taɓa sayen abu a shagona bai ce jabu ba ne. Shekara da shekaru haka. Amma kuma bai taɓa zuwa shagon wani ba." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, aka ce Allah Ya jiƙansa.

Sai limamin unguwa ya tashi yin nasiha, ya ce marigayi mutum ne mai kyautata zato ga jama'a. Nan kam sai da na cusa bakin mayafi a bakina. Liman ya faɗi abin da ake faɗa a makoki ne kawai. Kawu bai taɓa kyautata wa kowa zato ba, kuma in za a tuna da shi, ina so a tuna da shi yadda yake, ba yadda aka wanke shi ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Halin nasa na gada, shi ya sa ina kuka ina kallon mutane. A kusurwar ɗakin Inna akwai Mama, maƙwabciyarmu da katanga ɗaya ta raba mu. Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, tsohuwar malamar firamare, rabin mazan da ke zaune a waje ita ta koya musu riƙe fensir. Mijinta abokin Kawu ne tun barikin soja, ya daɗe da rasuwa. A da Kiristoci na da yawa a layinmu, amma kowace fitina takan kwashe gida ɗaya ko biyu zuwa wancan ɓangaren garin, har ya rage saura ita kaɗai. Kowa ya san abin da ya zaunar da ita: Kawu. Da yamma ɗanta, malamin asibiti a Jos, ya iso ya yi ta'aziyya yadda ya kamata. Amma da na leƙa ta taga na hango bayan motarsa cike da jakunkunan Gana-mas-go a ninke, babu komai a cikinsu. Mai zuwa gaisuwar mutuwa ba ya zuwa da irin waɗannan. Ya zo ɗaukar uwarsa ne.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Bayan mahaifina ya rasu, ta sake aure a Gusau, aka ba shi ni riƙo ina ƙarama. Direban soja ne mai muƙamin saje, da ya yi ritaya ya sayi bas yana jigila tsakanin Sabon Gari da Samaru. In ya sayi hatsi sai ya sake aunawa da mudunsa na gida. In bakanike ya ɗaura masa taya sai ya karɓi sifana ya bi kowane noti da kansa, mutumin na tsaye yana kallo. In ka yi masa kyauta ya ce me kake nema, in ka yabe shi ya ce wa ya aiko ka. Matan kasuwa da suka rasa mazajensu a soja kuwa ba ya karɓar kuɗin motarsu, amma har su sauka yana yi musu faɗa cewa kayansu sun yi nauyi za su karya masa sifirin mota.

Babban abokin gabarsa shi ne rediyo. Kullum da safe yana zaune a zaure da ita a kan gwiwa, tana magana yana mayar mata. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne a ce wata babbar ƙasa ta yi alkawarin tsaya wa wata ƙarama da maƙwabta suka sa a gaba. Da kakakin babbar ƙasar ya ce suna tare da ƙawarsu komai wuya, sai Kawu ya nuna rediyon da yatsa ya ce, "Ƙarya kake. A tambaye shi, matan ofishin jakadancinsu suna nan ko an kwashe su?" Muna yara mun ɗauka wasa ne. Har kwaikwayonsa muke yi a bayan gida.

Sau ɗaya ya ba ni labarin inda abin ya samo asali, wata ranar Lahadi da hantsi yana kwance ƙarƙashin bas ina miƙa masa kayan aiki. An tura su aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa ta bakin teku. A garin da aka ajiye su akwai sansanin wata babbar ƙasa, kuma mutanen garin sun riga sun bi bayanta a fili. Sun ba ta tafintoci da 'yan jagora da masu dafa abinci, saboda ta rantse musu ba za ta bar su ba. Wata safiya aka ba direbobi oda su kwashe mutanen babbar ƙasar zuwa filin jirgi. Aka kwashe mata da akawu-akawu da akwatuna, har da karnuka a cikin keji. Mutanen gari suka fito suka tsaya bakin hanya, babu mai ihu, babu mai jifa, kallo kawai suke yi. Wani tafinta da Kawu ya saba shan shayi da shi ya kama madubin motarsa yana gudu yana kiran sunansa.

"Ka tsaya?" na tambaye shi.

"Ban tsaya ba," in ji Kawu. "Oda ce. Miƙo mini waccan sifanar."

Bai gaya mini abin da ya sami garin ba, ni ma ban sake tambaya ba. Abin da ya ƙara kawai shi ne, a ranar da yamma ya kunna rediyo ya ji kakakin babbar ƙasar yana cewa har yanzu suna tare da mutanen nan. Daga nan ya samo maganar da duk wanda ya zauna da shi ya haddace: in babba ya ce yana tare da kai, kada ka kalli bakinsa, ka bincika inda 'ya'yansa suka kwana.

Mutum ɗaya ne ke iya ja da shi a kan wannan, wani malamin jami'a a Samaru da kowa ke kira Dakta, mai koyar da siyasar duniya. A teburin mai shayi kusa da tasha suke haɗuwa, ni kuma in na taso makaranta nakan jira bas a nan in sha kallo.

"Saje, ƙasa ba mutum ba ce, ba ta san kunya ba," in ji Dakta. "Kuma can ma akwai uwaye. Don me ɗan wata zai je ya mutu a garin da uwarsa ba ta iya faɗin sunansa ba?"

"To wa ya aike su yin alkawari?" in ji Kawu. "Kafin su zo mutanen nan suna lallaɓa zamansu da maƙiyansu. Su suka ce ku fito fili, muna bayanku. Wanda ka fito da shi fili ba ka da ikon barinsa a nan."

"Shi ma ƙaramin ba waliyyi ba ne. In ya ji yana da babba a baya sai ya fara tsokana, ya jawo yaƙin da da shi kaɗai ne ba zai jawo ba."

Kawu ya juya cokali a cikin shayinsa. Can ya ce, "Wannan ka faɗi gaskiya. Amma wa ya biya ka ka faɗe ta?"

Dakta ya ji haushi, don bai daɗe da dawowa daga wani taro a ƙasar waje ba, kuma ya gane inda Kawu ya dosa. Suka daɗe ba sa gaisawa, Dakta ya koma hawa acaba don kada ya shiga bas ɗin Kawu. Duk da haka Kawu ya ɗauki maganar. Na ga ranar da ya kira ɗan Mama, lokacin yaron yana saurayi, bayan ya yi musun addini da samarin layi, ya ce masa, "Na tsaya wa gidanku, ban tsaya wa bakinka ba. In ka sake, ni zan fara zane ka." A makoki kuwa babu wanda ya kai Dakta kuka.

Yanzu sai in zo kan abin da ya shafe ni, wanda masu ta'aziyya suka yi ta yabo, ni kuma ina jin yabon yana sukata.

Ina 'yar firamare aka wayi gari wata rana garin ya ɗau zafi. Kafin azahar an rufe shaguna, an sallami 'yan makaranta, kowa na faɗin abin da ya ji daga wani. Mama ta shigo gidanmu da ƙunshin kaya da yaranta, ta roƙi Kawu ya ɓoye su ko ya kai su barikin Basawa. Kowa a wurin ya ɗauka abin da zai yi ke nan. Sai ya ce, "Malama, in kika bar gidan nan yau, gobe ba za ki same shi ba. Koma ɗakinki." Ta koma tana kuka. Na ji hayaniya daga wajen zaure, muryar Inna a sama, abin da ba ta saba ba. Bayan la'asar Kawu ya kira ni, ya ɗora mini tabarma a ka, ya ba ni buta, ya kama hannuna.

Akwai inda katangar baya ta yi ƙasa, da ta nan ya ɗaga ni da babu wanda zai gani. Bai bi ta nan ba. Ta ƙofar gaba muka fita, a hankali, ya tsaya a majalisar dattawa ya gaisa, ya tsaya wajen samarin da suka taru a bakin kwalbati ya kira kowa da sunansa da sunan ubansa. A kowane wuri maganarsa ɗaya, da ƙarfi: "'Yata za ta kwana gidan Malama. Duk mai nemanta ya san inda take." Ya kai ni har ɗakin Mama, ya fito ya sa benci tsakanin ƙofofin biyu ya zauna.

Haka ya zama al'adarmu. Lokacin zaɓe, ko an yi rigima a wani gari ana tsoron ta iso, ko jita-jita ta tashi a kasuwa, da na ga Kawu ya ɗauko tabarmar nan na san inda zan kwana. Mama ta riƙe ni kamar 'yarta. Ta ware mini tukunya, takan soya mini doya da ƙwai, ita ke tashina sallar asuba. Babu wanda ya taɓa jefa ko da dutse a gidan. Mutane sun ce dabarar Kawu ce, ni na ce Allah ne Ya tsare. Abin da na sani shi ne ina jin tsoro ƙwarai, don ban yi ƙanƙantar da zan kasa gane amfanina a gidan ba. An ajiye ni ne don wanda zai zo da fetur ya tuna akwai jinin Kawu a ciki.

Tambaya ɗaya ta zauna mini a rai har na girma. Kawu yana da 'ya'yan cikinsa, babbansu Yaya Babba ya girme ni. Me ya sa ni?

Sai da na yi aure a Samaru na haifi 'yata ta fari na iya tambaya. Ya zo barka, yana zaune a kujerar falo da jaririyar a hannunsa yana duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya kamar za a cuce shi. Na ce, "Kawu, me ya sa ni kake kaiwa gidan Mama, ba Yaya ba?"

Na yi zaton zai ce don na fi hankali, ko don ya fi sona. Da ya faɗi haka da na karɓa na kwanta da shi. Amma Kawu bai iya irin wannan ƙaryar ba.

"Hannun yayanki na fara kamawa," ya ce. "Innarku ta tsaya a bakin zaure ta ce sai dai in bi ta kanta. Ke kuwa uwarki na Gusau, babu mai tsaya miki."

Ya ci gaba da kallon jaririyar.

"Su ma manyan ƙasashen ai ba 'ya'yan shugabanninsu suke turawa ba. Na daɗe da sanin ban fi su da yawa ba. Abin da na fi su kawai, ni ina kan benci."

Bai ba ni haƙuri ba. Ya tofa wa yarinyar addu'a, ya miƙo mini ita, ya ce man da nake shafa mata jabu ne. Na yi fushi da shi sosai, har yau wani lokaci fushin yakan dawo. Kuma ina sonsa fiye da yadda na so kowane namiji a danginmu. Duka biyun gaskiya ne, ban ga dalilin ɓoye ɗaya don ya mutu ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a amsar tasa shi ne Inna. Yaya Babba ɗanta ne na fari, kuma Inna tana cikin matan da ke riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, in yana ɗaki sai ta ce a gaya wa wancan abincinsa na sanyi. Ashe matar da ba ta iya kallon ɗanta a ido ita ce ta tare ƙofa saboda shi. Tsakaninta da Mama kuwa gaisuwa ce ta kan katanga. Ana kai tuwon Sallah, ana kawo shinkafar Kirsimeti, amma yara ke kaiwa. A iya sanina Inna ba ta taɓa taka cikin gidan Mama ba. Takan ce mu da ba mu tsokani kowa ba an ɗaure gidanmu a jikin rigimar wasu.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa, Yaya Babba ya ɗauki wasu dattawa suka shiga gidan Mama, ni ma na bi. Yaya babban ma'aikaci ne a Abuja, kuma Allah Ya ba shi baki. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Mama, amanar Baba yanzu tana wuyana. Ko ƙarfe nawa ne ki kira ni. Na san mutane a 'yan sanda, na san mutane a bariki, babu abin da zai same ki ina raye." Ya karɓi wayarta ya sa lambarsa da hannunsa. Dattawa suka ce Allah Ya yi albarka, ɗa ya gaji ubansa.

Ɗan Mama yana tsaye jikin ƙofa, bai ce amin ba. Ya ce, "Yaya, mun gode. Wa zai zauna a gidan?"

Yaya ya gyara zama. Ya ce in Inna ta fita takaba zai ɗauke ta zuwa Abuja, don ba za a bar ta ita kaɗai ba ga ciwon suga. Sauran 'yan'uwa kowa na garin da yake aiki. Gidan za a gyara shi a yi ɗakunan haya, ɗalibai na nema. "Amma wannan ba zai canza komai ba," in ji shi.

Ba na ce Yaya maƙaryaci ba ne. Na yi imani a lokacin da yake faɗa har zuciyarsa yake nufi. Amma na girma a hannun mutumin da ke musu da rediyo, kuma daga Abuja zuwa Zariya ba nan kusa ba ne.

Da suka fita ɗan Mama ya fara shigo da jakunkunan. Mama ta ce masa a nan aka kawo ta amarya, a nan mijinta yake kwance, cocinta na nan, a ƙauyensu ita baƙuwa ce yanzu, sanyin Jos kuma gwiwoyinta ba sa ɗauka. Ya ce duk ya sani, amma ba zai yi barci ba in tana layin nan babu Baba Soja. Ban ga laifinsa ba. A ƙarshe ta roƙi abu ɗaya: ya bari sai Inna ta fita takaba, don ba a tashi a bar maƙwabciya cikin takaba. Ya yarda, ya bar jakunkunan a ƙarƙashin gadonta.

Mama ba ta taɓa tambayata komai ba, ko da ido. Ni ce na tambayi kaina. Ina da 'ya'ya mata yanzu, babbar ta kai girman da nake lokacin da aka fara ɗora mini tabarma. Na kalle ta tana aikin gida a falo, na ƙaddara ana rikici na kama hannunta zuwa Sabon Gari. Na ji ba zan iya ba, kuma duk wanda ya gwada sai ya bi ta kaina. Ranar na daina ganin laifin Inna.

Duk ƙarshen mako nakan je duba Inna a takabarta. Ba ta da yawan magana, tana zaune da carbi da baƙin hijabi. Amma sai ta fara yi mini wasu tambayoyi. Ɗaki nawa ne a gidan Malama? Bayin a ciki yake ko a waje? Wane ɗaki ne ba ya yoyo? Na ce a raina, to, ashe har an fara auna gidan matar tun ba ta tashi ba, za a saya wa Yaya a haɗa da namu a ƙara ɗakunan haya. Na ba ta amsa a gajarce, na daina kai mata ƙosan da take so.

Ranar fitar takaba motoci biyu suka tsaya a layin tun da safe, ta Yaya da ta ɗan Mama. Inna ta yi wanka, an yi mata lalle, ta ɗaura sabuwar atamfa, mata na ta shigowa yi mata barka. Al'ada ce mai fita takaba ta zaga maƙwabta ta yi musu ban gajiya, don haka babu wanda ya yi mamaki da ta ce in raka ta. Abin da na lura da shi shi ne kayan da ta ɗora mini: sallaya, buta, filo, da ledar magungunanta. Na ce, "Inna, ai gaisuwa za mu." Ta ce, "Riƙe dai."

Na zaci da gidan liman za ta fara. Ta wuce shi. Ta tsaya ta amsa gaisuwar dattawan majalisa, ta bar kowa ya ga kayan da ke hannuna, sannan ta yi sallama a ƙofar Mama ta shiga. Mama na tsakiyar jakunkunanta, an cika su an ɗaure, sai ta miƙe da sauri tana neman inda za ta ajiye baƙuwar da ba ta taɓa yi ba. Inna ta zauna a bakin gado. Aka gaisa, aka yi ban gajiya, aka kawo ruwa aka sha. Inna ba ta tashi ba.

Can Yaya ya yi sallama ya tsaya daga bakin ƙofa. "Inna, rana na yi, hanyar kuma sai a hankali."

Ba ta kalle shi ba. Ni ta kalla. "Gaya wa mai motar can ya kama hanya. Ba inda za ni. Da rana ina ɗakina, da dare ina nan."

"A nan, Inna? In wani abu ya faru fa?"

"Gaya masa ai an ce ko ƙarfe nawa ne a kira. An kawo mini labari har ɗaki."

Mama ta kama hannunta. "Hajiya, ba sai kin yi haka ba. Na riga na haƙura."

"Kada ki ɗauka so ne, Malama, ni da ke ba mu taɓa shiri ba," in ji Inna. "An nemi nawa na hana. Aka ɗauki 'yar mutane ina kallo na yi shiru. Yau ba na aiken kowa, ƙafata ta kawo ni."

Ba ta dubi inda nake ba da ta faɗi haka, ni ma na sunkuyar da kai don idona ya cika.

Ɗan Mama ya matso, cikin ladabi ya ce, "Hajiya, Allah Ya saka. Amma tsofaffi biyu a gida ɗaya, wa zai ji tsoronku?"

"Babu," in ji Inna. Ta nuna ƙofa da haɓa. "Amma ɗayar uwar wancan ce."

Yaya ya yi lallashi, ya kira ƙannensa a waya, ya kawo liman. Liman ya ce shi bai ga inda aka hana mace kwana gidan maƙwabciyarta ba. Bayan azahar motoci biyu suka bar layin, kowace da mutum ɗaya a ciki. Maganar ɗakunan haya ta tsaya, don ba a gyaran gida mai shi na ciki. Inna kuma ta kashe wayarta ta jefa a cikin kwalla, ta ce tana damun kunnenta. Duk mai son jin lafiyarta sai ya kira lambar Mama.

Ban san iya tsawon lokacin da wannan zai ɗauka ba. Dukansu sun tsufa, kuma kullum suna faɗa a kan fanka, ɗaya na jin zafi ɗaya na jin sanyi. Ban yarda an gama ba, don ba a koya mini yarda ba. Amma makon jiya ina gidan Mama da rana, Inna ma ta shigo, aka ji ƙara daga wajen kasuwa, mutane suka fara gudu, masu shago na jan ƙofofi. Daga baya aka gane tayar tirela ce ta fashe. Kafin mu san haka har labari ya kai Abuja, wayar Mama ta yi ƙara, na ɗauka na sa mata a kunne, ina jin muryar Yaya yana cewa: "Mama, me ke faruwa? Ku rufe ƙofa. Na kira bariki, ni ma ga ni nan na fito daga ofis."

Mama ta miƙa wa Inna wayar. Inna ta ture ta da bayan hannu, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

"Ki ce masa muna nan," ta ce.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa abin da ya sani da wanda ya kasa faɗa, Ya yafe masa nawa, ni na yafe. Allah Ya sa ya tarar da alkawarin da ba sai ya bincika ba.